Hawan jini: Tsakanin hali, hutu da shekaru, wanne ya fi tasiri?

A Katsina, idan aka ce an auna wani an samu jininsa ya hau, tambayar farko da 'yan uwa ke yi ita ce: me ke damunsa? Idan mace ce sai a waiwayi gidan aurenta, ko an yi mata kishiya, ko 'ya'ya ne suka ƙi jin magana. Idan magidanci ne sai a ce bashi ne, ko kasuwa ce ta juya masa baya, ko gonarsa na yankin da ba a iya shiga yanzu. Wasu na ɗaukarsa ciwon masu zafin rai. Wasu kuma na ganin ciwon tsufa ne, wanda bai shafi ɗan shekara 35 ba. Shawarar da ake bayarwa kusan ɗaya ce a ko'ina: a rage tunani, a samu hutu.

Ruɗanin ya ƙaru da maganar lambobi. A watan Agustan 2025 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sabunta ƙa'idarsu, suka ci gaba da ɗaukar 130 bisa 80 a matsayin farkon hawan jini, kamar yadda suka tsayar tun 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana nan a kan 140 bisa 90, kuma da shi aka fi aiki a asibitocin Najeriya. Mutum ɗaya da awo ɗaya, a wani wuri a ce masa mai hawan jini ne, a wani wurin a ce ya je ya kula da kansa kawai. Dole mai karatu ya tambaya: ina gaskiyar take, kuma cikin hali da hutu da shekaru wanne ne ke ɗaga lambar?

Abin da lambobin biyu ke nufi

Duk lokacin da zuciya ta matse ta tura jini, jinin na danna bangon jijiyoyi. Lambar sama ita ce ƙarfin wannan dannawa a daidai lokacin bugun. Lambar ƙasa kuma ita ce ƙarfin da ya rage tsakanin bugu da bugu, lokacin da zuciya ta saki tana sake cika. Wanda awonsa ke ƙasa da 120 bisa 80 babu saɓani a kan cewa yana cikin iyaka.

Waɗannan lambobi ba a tsaye suke ba. Suna hawa idan mutum ya yi gudu, ko ya tsorata, ko yana jin fitsari, suna sauka idan ya yi barci. Saboda haka akwai bambanci tsakanin jini ya hau na ɗan lokaci da kuma cutar hawan jini, wadda ke nufin lambar ta zauna a sama ko da mutum na zaune lafiya. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an auna a ranaku biyu daban-daban kafin a yanke hukunci. Yawancin gardamar da ake yi kan tunani da fushi ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu.

Rahoton hukumar na 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga kimanin miliyan 650 a 1990 zuwa kimanin biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Najeriya, ƙididdiga daban-daban na nuna kimanin mutum 1 cikin manya 3. Dalilin rashin sanin a fili yake: ciwon ba ya yawan nuna alama. Ciwon kai da jiri da mutane ke jira kafin su je awo sau da yawa ba sa zuwa, sai dai a ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Shekaru: mafi ƙarfi cikin ukun

Idan za a jera abubuwan uku bisa ƙarfin hujja, shekaru ne a gaba, kuma da tazara mai yawa. Manyan jijiyoyin saurayi suna buɗewa idan zuciya ta turo jini, sannan su koma yadda suke, kamar sabon tiyon ban-ruwa da ke lanƙwasuwa ba tare da gardama ba. Da tafiyar shekaru sai su yi tauri kamar tiyon da ya sha rana, jini ya riƙa wucewa da ƙarfin da babu abin da ke tausasa shi. Wannan ne ya sa lambar sama ke ta hawa har tsufa, ita kuwa ta ƙasa takan hau zuwa wajen shekara 50 ko 60, daga nan ta fara sauka. Dattijo mai awon 165 bisa 75 ba abin mamaki ba ne a asibiti. A da ana ɗaukar irin wannan awo a matsayin abin da ya dace da tsoho, amma gwaje-gwajen magani sun tabbatar da cewa sauke lambar saman na rage shanyewar ɓarin jiki har ga waɗanda suka haura 80.

Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka tun 1948, wanda ke bin lafiyar mutanen garin da zuriyarsu, ya fitar da wani adadi a 2002: cikin mutum 10 da suka kai shekara 55 jininsu lafiya lau, kimanin 9 za su kamu da hawan jini kafin ƙarshen rayuwarsu. Mata kan fi maza sauƙi a ƙuruciya, amma bayan ɗaukewar al'ada sai su kamo mazan, daga baya ma su wuce su.

To ashe tsufa ne kawai, babu yadda za a yi? A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. A 1988 an wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna INTERSALT, wanda ya auna mutum sama da 10,000 a wurare 52 cikin ƙasashe 32. A cikinsu akwai ƙabilar Yanomami ta dajin Amazon, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, ba su da ƙiba, kuma kullum cikin aikin ƙarfi suke. Jininsu ƙasa yake ƙwarai, kuma ba ya hawa da shekaru. A Kenya ma an bi mutanen Luo da suka bar ƙauye suka koma birnin Nairobi, aka ga jininsu ya fara hawa cikin 'yan watanni. Wani binciken da aka wallafa a 1997 ya kwatanta baƙar fata a yankuna uku, ya samu hawan jini a kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya, rayuwa daban. Yau adadin Najeriya ya matso kusa da na Amurka na wancan lokacin.

Abin da wannan ke nunawa shi ne shekaru ba su kaɗai ke aiki ba, suna tara abin da aka ɗora wa jiki ne. Gishiri na gaba-gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. A duba tukunyar miyar kuka a gida guda: an jefa dunƙulen magi huɗu ko biyar, an zuba gishiri da hannu, an sa 'yar kanwa, sannan a kan tabarma ga yaji wanda shi ma an daka shi da magi da gishiri. Da safe burodi da taliyar yara, da yamma tsire ko kilishi. Kanwa ma, duk da ba ta da ɗanɗanon gishiri, sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri shi ne mafi yawa a cikinta. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kumburi da gazawar zuciya ga masu jego.

Hali: tsohon zargi, hujja mai rauni

Zargin hali ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yinsa ba. A 1939 wani likitan tunani a Chicago, Franz Alexander, ya ce hawan jini na fitowa ne daga fushin da aka danne, wato irin mutumin da mu za mu kira mai zurfin ciki. Shekara 20 bayan haka, a 1959, likitocin zuciya biyu a San Francisco, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka kasa mutane gida biyu. Rukunin A su ne masu gaggawa, masu son gasa, masu saurin harzuƙa, waɗanda ba sa iya jira a layi. Rukunin B su ne masu sanyin hali. Sun bi maza sama da 3,000 na tsawon shekara 8 da rabi, suka ce 'yan rukunin A sun ninka sauran wajen kamuwa da ciwon zuciya.

Maganar ta karɓu ƙwarai domin ta dace da abin da mutane ke gani da ido. Sai dai manyan binciken da suka biyo baya a shekarun 1980 ba su samu irin wannan sakamako ba. Daga baya kuma takardun kamfanonin sigari da aka bankaɗo sun nuna cewa kamfanonin sun zuba kuɗi a wannan fanni, domin idan hali ne ke kashe mutane, laifin sigari ya ragu. Wannan bai soke duk abin da aka gano ba, amma ya isa ya sa a yi taka-tsantsan.

Da aka warware rukunin A gunduwa-gunduwa, sai aka ga ba dukkansa ke da illa ba. Wani bincike a Amurka mai suna CARDIA ya bi matasa sama da 3,000 'yan shekara 18 zuwa 30 na tsawon shekara 15. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa rashin haƙuri da gaggawa, da kuma riƙe mutane a zuci tare da yi musu mummunan zato, suna da alaƙa da kamuwa da hawan jini daga baya. Himma da son yin fice kuwa ba su nuna wata alaƙa tabbatacciya ba. Ɗan kasuwa mai zafin nema ba shi ne abin tsoro ba, wanda kullum yake jin ana shirya masa makirci shi ne ya fi kusa da haɗarin.

Akwai wata fahimta da ta fi kama da halin da ake ciki a nan. A farkon shekarun 1980 masani Sherman James ya yi nazarin baƙar fata talakawa a kudancin Amurka, ya lura cewa waɗanda ke dagewa iya ƙarfinsu a kan matsalolin da suka fi ƙarfin aljihunsu sun fi samun hawan jini. Ga masu hali da ilimi, irin wannan dagewa ba ta nuna illa iri ɗaya ba. Wato laifin ba na halin mutum kaɗai ba ne, haɗuwar halin ne da yanayi. Magidancin da ya baro ƙauyensu a Batsari ko Jibiya da iyalinsa ya raɓe a gidan ɗan uwa cikin birni, yana neman na cefane kullum ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, ba mai mugun hali ba ne. Nauyi ne ya yi masa yawa, kuma nauyin ba ya sauka da dare.

Yadda jiki ke amsa tashin hankali sananne ne. Idan mutum ya fusata ko ya firgita, jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau nan take. Idan abin ya wuce sai ya sauka. Inda masana suka rabu shi ne ko maimaituwar wannan hawa na shekaru ita kanta ke zama cutar dindindin. Wasu na cewa eh, suna kafa hujja da binciken da ya nuna cewa masu aikin matsi da ba su da ikon yanke shawara a wurin aikinsu sun ɗan fi wasu hawan jini. Wasu na cewa yawancin tasirin ta bayan gida yake bi: mai damuwa ba ya barci sosai, yana ƙara sigari ko goro, yana mantawa da magani. Mai tsari a rayuwarsa kuma shi ne ke shan ƙwayarsa kan lokaci ya koma asibiti ranar da aka ce masa. Ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya: tasirin hali ƙarami ne idan aka kwatanta da shekaru, gado, ƙiba da gishiri. Akwai ɗimbin masu fara'a da sanyin hali da awonsu ya haura 170, kuma su ne suka fi daɗewa ba a auna su ba, domin kowa na cewa ai Malam ba shi da damuwa.

Hutu da natsuwa: suna aiki, amma zuwa ina?

A shekarun 1970 likita Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya nuna cewa zama shiru, da numfashi a hankali, da maimaita kalma ɗaya cikin natsuwa na rage bugun zuciya da saurin numfashi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba zama bayan sallar asuba yana zikiri. Hadisin da ya umarci wanda ya fusata yana tsaye da ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, shi ma ya dace da abin da aka sani game da sauke tashin jini na nan take.

Tambayar ita ce ko natsuwa na sauke hawan jini na dindindin. A 2008 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta haɗa gwaji 25 kan hanyoyin kwantar da hankali. Ta samu raguwar kimanin maki 5.5 a lambar sama da 3.5 a ta ƙasa. Amma da aka ware gwaje-gwajen da aka kwatanta da wani zama na bogi, inda mutane ke zaton ana yi musu magani, bambancin ya kusa ɓacewa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2013 ta ce ana iya ƙara wasu daga cikin hanyoyin a kan magani, amma motsa jiki ta bai wa matsayi mafi ƙarfi. Don kwatantawa, tafiya da sauri a kai a kai kan sauke kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, rage gishiri kimanin 5, kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage kuma kimanin maki 1. Wanda awonsa 175 ne, ko ya samu maki 5 daga natsuwa, yana nan a 170.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da sunan tausayi. Da an ce Baba na da hawan jini sai 'ya'ya su ce, "Baba, ka daina zuwa gona, ka zauna ka huta." A hana shi tafiya masallacin Juma'a da ƙafa, a riƙa kai shi a babur. Hutun da jini ke so na zuciya ne da na barci, ba na gaɓoɓi ba. Zama wuri ɗaya ɗaga jini yake yi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, sai fa idan likita ya hana saboda wani dalili.

Barci shi ne ɓangaren hutun da ya fi ƙarfin hujja. A mai lafiya jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, kuma waɗanda nasu ba ya sauka sun fi fuskantar haɗari. Ƙarancin barci na tsawon lokaci na da alaƙa da hawan jini, abin da ya shafi masu gadi, direbobin dare, da mutanen garuruwan da ake kwana ido biyu. Akwai kuma mai munshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke yankewa cikin barci ya farka da shaƙuwa, ya wuni yana gyangyaɗi. Wannan cuta ce da ke hana jini sauka ko ana shan magani, kuma yawanci matarsa ce ta san da ita ba shi ba, don haka bayaninta na da amfani a gaban likita.

130 ko 140?

Masu goyon bayan 130 na cewa haɗari ba ya jiran 140, yana ƙaruwa ne a hankali tun daga wajen 115, don haka gara a farkar da mutane da wuri. Ko a ƙa'idar tasu ma, ba kowane mai 130 ake ɗora wa ƙwaya nan take ba, ana fara duba sauran haɗarinsa kamar ciwon suga ko na ƙoda. Masu riƙe 140 na cewa sauke iyakar na mayar da miliyoyin mutane marasa lafiya a takarda, alhali a ƙasashe irin namu waɗanda ke 160 da 180 ma ba a gama gano su ba. Ga mai awo tsakanin 130 da 139, ma'anar a aikace ɗaya ce a ƙarƙashin kowace ƙa'ida: ya gyara ci da motsi, ya riƙa awo.

Abin da zai shafi mutum a Katsina da Daura

Abu na farko shi ne yadda ake awon kansa, kuma a nan ne natsuwa ke da tasiri kai tsaye. Mutum ya sauko daga babur da tsakar rana, da goro a baki, ya zauna a bencin kemis ƙafa ɗaya kan ɗaya, an ɗaura masa abin awo a kan hannun riga, ana gaisawa ana tambayar iyali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya ƙara maki. Ƙa'ida ita ce a bar goro, shayi mai ƙarfi, kofi da sigari minti 30 kafin awo, a yi fitsari, a zauna shiru minti 5 da baya a jingine, ƙafa biyu a ƙasa, damtse a buɗe a kan tebur daidai da ƙirji, kuma ba a magana. Ga Hajiya mai kaurin damtse, ƙaramin maɗauri na ba da lamba fiye da gaskiya. Wasu kuma ganin likita kaɗai ke ɗaga musu jini, a gida lafiya lau, shi ya sa rubuta awon gida na 'yan kwanaki a takarda ke taimaka wa likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin Daura.

Na biyu shi ne daina magani. Wanda ya yi imani tunani ne kaɗai ya ɗaga masa jini, ranar da aka biya bashin ko aka sasanta rigimar gida zai ajiye ƙwaya. Jinin ya sauka ne saboda maganin, kuma zai koma ba tare da sanarwa ba. Tsadar magani na ƙara tura mutane ga wannan. Zoɓo marar sukari ya nuna ɗan tasiri a ƙananan gwaje-gwaje, amma bai kai ya maye gurbin ƙwaya ba. Labari mai daɗi shi ne maganin da ya fi dacewa da mutanenmu ba shi ne mafi tsada ba: gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini ga baƙar fata. Manoma da leburori kuma su sani cewa magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan ana sha kullum, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda.

Shekaru na canza yadda ake kula da ciwon. Matashi ɗan ƙasa da 40 da aka samu jininsa ya hau sosai yana buƙatar a bincika ƙodarsa da sauran dalilai, kada a tsaya a cewa tunanin aure ne ko rashin aiki. Dattijo kuma yana iya jin jiri idan ya miƙe da sauri daga tabarma, musamman da zafi ko da azumi, don haka sauya lokacin shan magani a watan Ramadan abu ne da ake tsarawa da likita tun cikin Sha'aban. Mai ciki da awonta ya kai 140 bisa 90, ko take ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da dishi-dishin gani, tana iya shiga jijjiga, kuma asibiti za a kai ta a ranar. Haka duk wanda awonsa ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ɗaya. Ba a ce masa ya kwanta ya huta zuwa safe, domin a shanyewar ɓarin jiki awannin farko ne ke raba wanda zai tashi da ƙafarsa da wanda zai zauna a kwance.